Kafin ka karɓi makullin tirela: amsa ga wani direba a Aboabo

"Assalamu alaikum, Lauya. Ni direba ne a Aboabo, nan Kumasi, shekarata tara ina jan babbar mota. Wani Alhaji mai tireloli ya neme ni aiki, ɗaukar kaya daga tashar jirgin ruwa ta Tema zuwa Wagadugu. Kuɗin ya fi na inda nake, amma na ji ƙishin-ƙishin cewa motocinsa biyu sun faɗi bara, kuma direbobi ba sa daɗewa a wurinsa. Ya ce in zo ranar Litinin in karɓi makulli. Ta yaya zan gane gaskiya ba tare da na ci mutuncin dattijo ba? In na fara aiki na tarar motar ba ta da lafiya, ina da ikon ƙin tuƙawa?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka yi daidai da ka tambaya tun makulli bai shiga hannunka ba. Idan jami'an MTTD, wato 'yan sandan hanya, suka tsayar da mota a Techiman ko Kintampo, wanda ke kan sitiyari suke fara kamawa, Alhaji yana gida. Dokar hanya ta Ghana ta 2004 da ƙa'idojinta na 2012 sun ɗora laifin tuƙa mota mai matsala a kan direba ma, bayan mai motar. "Maigida ne ya ce in tafi" ba ta cika wanke mutum a kotu ba.

Ka fara da takardu. Takardar lafiyar mota, wadda muke kira rodwodi, DVLA, hukumar lasisin direbobi da motoci, ke bayarwa, kuma ta motar kasuwanci wata shida take yi, ba shekara ba. Ka duba ranar ƙarewarta, ka gwada lambar da ke jikinta da ta motar, har da lambar shasi. Inshora kuwa kada ka yarda da sitikar gilashi kawai. Tun 2020 Hukumar Inshora ta Ƙasa ta buɗe rumbun bayanan inshorar motoci: ka danna *920*57# a wayarka, ka saka lambar motar, za ka ga ko inshorar na raye. Kai ma ka tabbata lasisinka na rukunin F ne, na tuƙa manyan motoci, kuma bai mutu ba, don kamfanin inshora na iya fakewa da wannan idan tsautsayi ya faɗa.

Amma takarda tana iya yin kyau mota na ciwo, shi ya sa na fi son ka je garejin da ƙafarka. Ka tsuguna gindin taya. A gefenta akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. Idan ka ga 2319, an ƙera ta a mako na 23 na shekarar 2019. Ƙa'idojin 2012 sun hana amfani da tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa. Ka sa a tayar da inji iska ta cika, a kashe, ka kasa kunne ko za ka ji birki na tsiyayar iska. Ka duba ko an ɗaure wani abu da waya ko roba a inda ya kamata a ga noti. Mai motar da ke kula da kayansa ba ya jin haushin wannan, daɗi ma yake ji. In har ransa ya ɓaci don ka taɓa taya, to ka sami rabin amsarka.

Sauran rabin yana bakin mutane. Ka shiga Suame Magazin, unguwar bakanikai ta Kumasi, ka nemi bakaniken da ke gyara masa motoci, ka tambaye shi abu ɗaya: idan ya ce a canza kaya, Alhaji sabo yake saya ko cewa yake a lallaɓa a je a dawo? Ka nemi direban da ya bar aikin, ko karen motarsa. Waye ke biyan tara idan sikelin Hukumar Manyan Hanyoyi ya kama lodi ya wuce kima? Kwana nawa ake ba direba daga Tema zuwa Paga, bakin iyaka da Burkina Faso? Wannan tambayar ta ƙarshe tana da nauyi, domin ƙa'ida ta ce kada direban motar kasuwanci ya yi tuƙin da ya wuce awa huɗu a jere, ko awa takwas cikin awa 24. Uban gidan da ke yanka maka lokacin da ba zai yiwu ba sai da tuƙin dare da kofi, shi ne ke jefa direba cikin gyangyaɗi. Kuma ka tambayi abin da ya faru da direbobin motocin da suka faɗi: an biya musu asibiti, ko an bar iyalansu da yawon neman taimako a masallaci?

Tambayarka ta biyu, amsarta i ce. Dokar Ƙwadago ta 2003, sashe na 118, ta wajabta wa mai aiki ya samar da kayan aiki marasa haɗari. Sashe na 119 ya ce idan ma'aikaci yana da dalili mai ƙarfi na ganin rayuwarsa ko lafiyarsa na cikin haɗari na kusa, ya sanar da shugabansa ya janye, kuma ba a yarda a kore shi ko a riƙe albashinsa saboda haka ba. In an kore ka, Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa ce wurin kai ƙara. Sai dai haƙƙi yana son shaida. Duk matsalar da ka gani, ka ɗauki hoto, ka tura wa Alhaji saƙo a WhatsApp, kada ka tsaya ga faɗa da baki.

Nan ne kuma nake jin tsoron al'adarmu ta zango, inda ake ƙulla aiki da musafaha da "Allah ya sa albarka". Dokar ta ce aikin da zai kai wata shida ko fiye a rubuta shi. Ka nemi a rubuta albashi, kuɗin hanya, wanda ke biyan gyara da tara, da batun SSNIT, asusun fansho, inda mai aiki ke zuba kashi 13 cikin ɗari, kai kuma kashi 5.5. Takardar ce za ta nuna kai ma'aikaci ne idan ka ji rauni kana neman diyya a ƙarƙashin dokar biyan diyyar ma'aikata ta 1987, wadda ta ba da wata shida a shigar da buƙata.

Batun mutuncin dattijo kuwa, akwai hanya. Ka tafi da wani babba da yake jin nauyinsa, ko shugaban ƙungiyarku ta direbobi. Ka ce: "Alhaji, amana za ka ba ni, ina so mu duba motar tare don kada gobe a ce ni na lalata." Ku rubuta abin da kuka gani, kowa ya sa hannu. Kuma kada ka ajiye aikin da kake yi yanzu sai an gama wannan, ko da hakan zai sa Litinin ta koma Alhamis.