Zan Bar V6 in Koma V8, An Ce Za a Kashe Mini Silinda Biyu Idan Mai Ya Yi Nauyi

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Injiniya. Ina da Toyota 4Runner ƙirar 2012 mai silinda shida, kuma ita nake hawa tsakanin Kano da Abuja kusan kowane mako saboda harkar kasuwanci. Yanzu wani dillali ya kawo mini Lexus GX 460 ta tokumbo mai silinda takwas, kuma raina ya biya, domin abokaina duk sun ce V8 ta fi ƙarfi da ƙarko da kwanciya a kan titi. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kuɗin mai. Dillalin ya ce kada in damu, wai akwai bakaniken da zai kashe silinda biyu ta koma shan mai irin na V6, ranar da nake son ƙarfi kuma a mayar da su. Shin in saya? Kuma wannan dabara gaskiya ce?

Wani mai karatu daga Kano

AMSA

Wa alaikumus salam, Alhaji. Motocin nan biyu 'yan gida ɗaya ne, domin 4Runner ɗinka da GX 460 da Prado ta wannan zamanin duk a kan shasi iri guda aka gina su, saboda haka kwatanta su ba shi da wahala. Taka tana ɗauke da injin 1GR-FE mai lita 4.0, ƙarfin doki 270, da giya biyar. GX 460 tana ɗauke da 1UR-FE mai lita 4.6, ƙarfin doki 301, da giya shida, kuma tayoyinta huɗu suna ja a kowane lokaci. Doki 31 da aka ƙara maka ba za ka ji su sosai ba, tunda GX ta fi taka nauyi da fiye da kilo 200. Inda bambancin yake fitowa fili shi ne ƙarfin ja daga ƙasa, wato Nm 446 a kan 377, da laushin tafiya, domin V8 tana buga wuta a kowane digiri 90 na juyin karanshaf, V6 kuwa sai a kowane digiri 120. Shi ya sa kamfani ya amince wa GX ta ja tirela mai nauyin kusan tan 3, ita kuwa 4Runner wajen tan 2 da kwata. Idan kana jan kaya, ko kana cika motar da mutane da lodi kana hawa tuddai, wannan ƙarin yana da amfani. Idan kuwa kai da direba da jaka ɗaya ne a kan titin da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta ƙayyade wa ƙananan motoci gudun kilomita 100 a awa, to abin da za ka saya da kuɗinka shi ne shiru da laushi da suna, kuma babu laifi a hakan muddin ka san shi kake saye.

Batun ƙarko kuwa, yawan silinda ba shi ke kawo shi ba. Injinan biyu duka suna da sarƙar taimin, duka suna daɗewa idan ana yi musu sabis a kan lokaci da man da ya dace, duka kuma suna mutuwa a hannun wanda ke zuba musu baƙin mai mai kauri a maimakon mara kauri mai lamba 0W-20. Ita kanta Toyota ta bar V8 a irin waɗannan manyan motoci: Land Cruiser 300 da ta fito a 2021 tana da V6 mai tobo biyu da ke ba da doki 409, alhali V8 mai lita 5.7 da ke cikin Land Cruiser 200 tana ba da 381. Tundra da Lexus LX 600 da sabuwar GX 550 duk sun bi wannan hanya. Wanda har yanzu yake auna ƙarfin mota da ƙirga fulogi, zamani ya wuce shi.

Game da mai, ƙiyasin hukumar kare muhalli ta Amurka ya nuna GX 460 tana yin wajen kilomita 6 da rabi da lita ɗaya a cikin gari, 8 da rabi a babban titi, yayin da 4Runner take yin kilomita 7 da ɗoriya a gari, wajen 9 a babban titi. Tazarar ba ta wuce kashi 12 cikin ɗari ba a takarda, domin motarka ita ma ba mai ƙaramin ciki ba ce. A cunkoson Kano da na'urar sanyaya ciki a kunne, dukansu za su sha fiye da haka. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kowace lita ta zama abin lissafi, na sani, amma kada ka manta da sauran kuɗin: fulogi takwas, kwayil takwas, nozul takwas, da baƙin mai kusan lita 8 a kowane sabis maimakon 6 da ɗan abu. Kuma littafin GX 460 ya nemi fetur mai babbar daraja, wanda ba shi ake sayarwa a yawancin gidajen manmu ba. Injin zai ja taimin ɗinsa baya ya lallaɓa, amma wani kaso na dokin da ka biya kuɗinsa zai tafi a nan.

Yanzu ga maganar dillalinka, wadda ita ce ta fi damuna a duk wasiƙar, domin kusan kullum sai an turo mana mota gareji tana karkarwa, tana warin ɗanyen fetur, kuma idan aka buɗe bonet sai a tarar da soket biyu a cire, an naɗe su da salatif. Babu wani bakanike a duniya da zai mayar da V8 ta zama V6 da filaya. Abin da yake yi shi ne ya cire wayar kwayil biyu ko ta nozul biyu, ya karɓi kuɗinka, ya miƙa maka injin da ya lalata da gangan.

Ka duba abin da ke faruwa a ciki. Fistin ɗin silindar da aka kashe yana nan a haɗe da karanshaf, yana hawa yana sauka, bawul ɗinsa suna buɗewa suna rufewa, yana zuƙar iska yana matse ta yana fitar da ita, ba tare da ya ba da ko sisin ƙarfi ba. Kamar mutum takwas ne suka ɗauko kaya, biyu suka sume a hanya, sai sauran shidan suka ɗauki kayan suka kuma ɗauki sumammun. Nauyin motar bai ragu ba, iskar da take ratsawa ba ta ragu ba, aikin da za a yi yana nan yadda yake. Silinda shida daga cikin injin lita 4.6 sun kama lita 3.45 ke nan, wato ƙasa da injin 4Runner ɗin da za ka bari, kuma su ne za su ja motar da ta fi ta nauyi. Dole ka ƙara taka totur, kuma duk wanda ya ƙara taka totur ya ƙara zuba mai.

Idan kwayil bakaniken ya cire, abin ya fi muni, domin nozul yana iya ci gaba da fesa fetur a silindar da babu tartsatsi. Ɗanyen man nan yana wanke baƙin man da ke jikin bangon silinda, ringi ya riƙa cin ƙarfe, wani kuma ya gangara ƙasa ya tsinka man injin gaba ɗaya, har metal ɗin karanshaf su fara ciwuwa. Ragowar sai ya bi salansa ya isa matatar hayaƙi, wadda kanikawa ke kira indomi, ya kama da wuta a can. Indomin yakan yi jajir har saƙar cikinsa ta narke ta toshe hanyar hayaƙi, kuma idan ka faka a kan busasshiyar ciyawa a lokacin rani, wannan zafin ya isa ya tayar da gobara a ƙarƙashin motar da ke ɗauke da tankin mai cike. Idan kuma nozul ya cire, silindar za ta riƙa tura zallar iska cikin salansa, na'urar da ke auna iskar hayaƙi ta shaida wa birenbos, wato kwamfutar motar, cewa mai ya yi ƙaranci a wannan ɓangaren, shi kuma ya ƙara wa sauran silindun ɓangaren fetur don ya gyara. Man da aka ce za a rage maka, ta bayan gida yake dawowa.

Sannan ga karkarwa. Injin da aka tsara ya buga wuta daidai wa daida a kowane digiri 90 yanzu yana tsallake bugu biyu cikin takwas, kuma wannan tangaɗi yana sauka a kan injin-sit da giyabos da duk abin da aka ɗaure a jikinsa. Fitilar inji za ta kama, sau da yawa tana ƙyaftawa, wanda yake nufin a tsaya nan take, kuma kwamfutar bincike za ta nuna lamba daga P0300 zuwa P0308. A motocin Toyota da Lexus na wannan zamanin, fitilar TRAC OFF takan biyo bayanta, ma'ana na'urar hana santsin taya ta daina aiki, a mota doguwa mai nauyi wadda dama ta fi ƙaramar mota saurin kifewa. Maimakon ya ji tsoro, bakaniken nan sai ya goge lambar, ko ya buɗe dashbod ya toshe fitilar, ya ce maka wai wayon Turawa ne. Ranar da ka fito za ka wuce tirela tsakanin Zariya da Kaduna, ka taka motar ta ƙi amsawa, shi yana garejinsa yana shan shayi, kai da iyalinka ne a tsakiyar titi.

Jita-jitar ta samo asali ne daga abu na gaskiya, shi ya sa take da wuyar kashewa. Akwai injinan da suke ɗauke wa wasu silindu aiki da kansu. Cadillac ta gwada a 1981 da injin da ta kira V8-6-4, ya ba da matsala har aka janye shi daga yawancin motocinta bayan shekara guda. Chrysler ta dawo da dabarar a injin Hemi mai lita 5.7, General Motors ta sa irinta a manyan motocinta, Honda kuma tana da tata a injinan V6. Amma a waɗannan injinan kwamfuta ce take rufe bawul ɗin silindar ruf ta hanyar matsin baƙin mai, ta yanke fetur, iskar da ta maƙale a ciki ta zama kamar sifirin da ke mayar da ƙarfin da aka matsa ta da shi, kuma hakan yana faruwa ne kawai lokacin da motar ke tafiya ba nauyi, da zarar ka taka sai su dawo aiki kafin ka ankara. Duk da wannan injiniyanci, ragin man da ake samu kaɗan ne. Injin 1UR-FE ba shi da wannan tsari ko kaɗan, kuma ba a ƙara shi da zare waya. Abin da kamfanonin da suka fi kowa kuɗi suka shafe fiye da shekara 20 kafin su daidaita, wani yana so ka yarda zai yi maka shi a gindin bishiya kafin la'asar.

Shawarata a gare ka, Alhaji, ita ce ka riƙe 4Runner ɗinka idan lafiyarta ƙalau, domin tafiyar da ka bayyana ba ta buƙatar silinda takwas, kuma kuɗin da za ka cika ya isa ya saya maka tayoyi huɗu sababbi masu kyau da birki da shokazoba, waɗanda su ne suke kwantar da mota a titi. Idan kuma ranka ya riga ya tafi ga GX, kuma aljihunka zai ɗauki man silinda takwas ba tare da dabara ba, to ka saya, mota ce mai kyau. Sai dai kafin ka biya, ka kai ta wurin mai kwamfutar binciken da kai ka zaɓa, ba wanda dillali ya nuna maka ba. A duba ko an goge lambobi kwanan nan, a leƙa ƙasa a tabbatar indominta na nan ba a ƙwaƙule shi ba, a haska tsakiyar injin a ƙarƙashin manifol inda injinan UR, irin na GX 460, suka saba ɗigar ruwan lagireto, a gwada balan-balan ɗin iska na tayoyin baya idan irin mai su ce, kuma a ƙirga soket ɗin kwayil da na nozul ɗaya bayan ɗaya, domin dillalin da ya san mai kashe silinda, ba mamaki motar da ya kawo maka ta riga ta kwana a garejinsa.