Yaya, ga dalilin da ya sa na mayar da kifin ruwa

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kuna lafiya, da su Inna da yara duka. Saƙon muryarka na saurare shi har sau uku, na kuma kunna wa maman yara, ta yi dariya har da ƙwalla. Ka ce kun ga hotona ina rungume da kifi kamar jariri, har kun fara taya mu murnar romo, sai ga bidiyo na durƙusa ina mayar da shi ruwa a hankali kamar mai rakiyar baƙo. Ka ce anya sanyin Ingila bai taɓa mini kai ba, ɗan Yauri guda ya kama kifi mai kilo 6 ya sake shi da hannunsa. Ka kuma tambayi labarin tsuntsayen nan masu dogon bindi da ka gani a rataye bayan mota. To gyara zama.

Da farko dai kifin ba nawa ba ne. Ruwan da ka gani ba gulbi ba ne irin namu da kowa ke da rabo a ciki. Wani manomi ne ya sa aka haƙa masa ramuka a gonarsa, kamar kududdufin da ake bari in an gama ɗibar ƙasar gini, ya sayo kifi ya zuba, ya jera 'yan dakalan katako a bakin ruwa kowanne da lambarsa, ya kafa rumfar shayi a gefe. Irin waɗannan wurare sun cika ƙasar nan. Ka biya kuɗin yini, wajen fam 10, ka je lambarka ka zauna. Abin da ka saya zama ne da izinin jefa ƙugiya. Kifin kuwa jarin mutumin ne, in ka sa shi a jaka ba tare da rubutaccen izininsa ba sunanka ɓarawo, kuma maganar tana iya kaiwa ga 'yan sanda. Ban da kuɗin yinin, duk wanda ya kai shekara 13 sai ya mallaki lasisin hukumar kula da muhalli, na shekara fam 30 da 'yan kai ga babba. Wanda aka kama ba shi da shi, tararsa tana iya kaiwa fam 2,500. A koguna ma akwai lokacin da ake rufe wannan kamun gaba ɗaya, daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuni, don kifi ya yi ƙwai. Tafkunan kuɗi irin namu yawanci ba a rufe su.

Su Turawan sun raba kifin ruwan daɗi gida biyu tun ƙarni na 19. Akwai na manya, su salmon da tirawut, wanda masu ƙasa da masu kuɗi ke kamawa su ci. Duk sauran suka haɗa su wuri guda suka ce musu kos, kusan a ce kifin talakawa. Ma'aikatan masana'antu na garuruwa irin su Shefil da Bamingam su ne suka riƙe wannan, ranar hutu su cika jirgin ƙasa su tafi bakin kogi a yi gasa, a auna abin da kowa ya kama. Da tafiya ta yi tafiya sai mayar da kifin ruwa ya zame musu al'ada, har ta kai wanda ya kashe shi ake yi wa kallon mara tarbiyya. Wanda na rungume ɗin nan kaf suke ce masa, ka ɗauka karfasa ce ta yi ƙiba ta fito da gashin baki. Yana daɗewa a duniya, shekaru da dama, shi ya sa manyan cikinsu har suna ake raɗa musu. Akwai wata da aka sa wa Benson a wani tafki kusa da Fitaboro, an kama ta an sake fiye da sau 60, da ta mutu a 2009 har jaridun ƙasa suka ba da labari. Na san me za ka ce: a Argungu wanda ya fito da giwan ruwa mafi girma daga Matan Fada shi ake kaɗa wa ganga, a nan kuma kifin ne ke da suna. Haka abin yake.

Kuma lallaɓa shi ake yi ba wasa ba. Ƙugiyar da aka yarda da ita ba ta da ƙayar nan ta baya, tana zarewa cikin sauƙi. Ba a ajiye kifi a ƙasa, sai a kan 'yar katifa jiƙaƙƙiya. Kafin ka shiga wasu wuraren sai ka tsoma ragarka a randar magani a bakin ƙofa, gudun kada ka kwaso cutar kifi daga wani tafkin. Ranar farko da na je na miƙe tsaye da kifi a hannu zan ɗauki hoto, wani tsoho ya daka mini tsawa daga can lambarsa, wai in durƙusa kada ya suɓuce ya faɗo. Ni da na tashi ina ganin ana watsa tarwaɗa a kan tire a bakin kasuwa, raina ya ɗan ɓaci. Tsohon nan daga baya shi ya koya mini duk abin da na sani.

Sai batun sanyi, da ka ce wane mai hankali ne zai zauna bakin ruwa a Disamba. Hunturunmu na gida ko kusa bai kai ba, Yaya. Rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8, kafin ƙarfe 4 na yamma ta faɗi. Wata safiyar sai ka jefa ƙarfe ɗaure da igiya ka farfasa ƙanƙarar da ta rufe ruwan kafin ka samu wurin saka ƙugiya. Kifi kuma in ruwa ya yi sanyi jikinsa mutuwa yake yi, ya taru wuri guda ya lafe, ba ya son ci. A nan gwanintar take. Da bazara ko yaro zai kama. Da sanyi in ka yi masa watsin abinci irin na mai biki ka gama da kanka, ya ƙoshi da ƙwaya biyar ya kwanta. Sai dai ka ƙirga tsutsa huɗu ko biyar ka zuba, ka jira. E, tsutsa, irin ta ƙuda. Kiwonta ake yi, a shago ake sayarwa da kwanon awo, fara da ja, kuma a firij ake ajiye ta don kada ta rikiɗe. Rikicin da aka yi a gidana kan wannan sai da na sayi ɗan ƙaramin firij na kai gareji. In tsutsa ta ƙi, akwai ƙwayar masara ta gwangwani ko ɗan ɓargon burodi kamar ƙwayar wake. Masu tafkunan ma sun san da matsalar, shi ya sa suke zuba wani barbaren kaf da ake kira F1, wanda ba ya daina ci ko da sanyi.

Sandar da muke amfani da ita za ta ba ka dariya. Tsawonta mita 13, wata har 16, gaɓa-gaɓa ake haɗa ta, ba nauyi, da roba mai miƙewa a cikin bakinta. Ka ɗora ta a cinya, idonka na kan wani ɗan tsinke mai jan kai da bai wuce kan ashana ba a saman ruwa. Sa'a guda yana nan ƙyam. Yatsu sun sandare, hanci na zuba, numfashinka na tashi kamar hayaƙi. Can sai ka ga ya ɗan nutse, nutsewar da in ka ƙifta ido ta wuce ka. Ka ɗaga, roba ta fita, wani abu mai nauyi ya fara ja daga ƙasa. Wallahi a wannan lokacin ba ka jin sanyi ko kaɗan.

Amma in gaskiya kake so, ba kifin ne ya kai mu ba. Mu Hausawan garin nan ba mu da yawa, kuma nan ba ƙofar gida da za a shimfiɗa tabarma bayan la'asar. Majalisar mazan ƙasar nan gidan giya ce, mu kuma ba wurinmu ba ne. Da sanyi mutum sai ya fita aiki cikin duhu ya dawo cikin duhu, ya yi wata guda bai ga ɗan uwansa ba sai a sahun Juma'a, a gaisa a tsaitsaye kowa na duba agogo. Mu huɗu ne muke zuwa: ni, da wani likita ɗan Gusau, da wani direban bas da ya tashi a zangon Kumasi, sai ƙanin matata. Mukan kama lambobi a jere. Ɗan Kumasi ke zuwa da butar shayi mai citta da kanumfari, likita ya kawo kilishi in an samu mai zuwa daga gida. Azahar da la'asar a wannan lokaci kusa da juna suke, magariba kuma a bakin ruwan take samun mu. Mu yi alwala da ruwan ɗumi na fulas, mu shimfiɗa leda bayan mota mu yi jam'i da takalman roba a gefe. Da fari Turawan suna satar kallo, yanzu tsohon nan shi ke lura mana da kaya har mu sallame. Zancen auren 'ya'ya, da kuɗin da za a aika gida, da wanda aikinsa ya tsaya, duk a nan ake yin su, kowa idonsa na kan tsinkensa. Na lura namiji ya fi faɗin abin da ke cinsa in ba a kallon fuskarsa.

Ba mu kaɗai ba ne baƙin da abin ya ɗaure wa kai. Mutanen Foland kaf ne abincin daren Kirsimetinsu, da suka shigo da yawa bayan 2004 an sha rigima da su a bakin ruwa, har yanzu za ka ga alluna da harshensu ana gargaɗin kada a ɗauki kifi. Duk sanda na ga allon sai in ji kamar da ni ake.

Tsuntsayen kuma wani babi ne daban, na masu hannu da shuni. Fezant suke ce masa, mu a gidana zabon Turawa muke kiransa. Asalinsa daga Asiya yake. Namijin ya kai zakara, kai kore, fuska ja, bindi dogo, macen kuwa launin fakara gare ta. Sunan abin farauta, amma kiwo ne. A gona ake ƙyanƙyashe su, in sun yi makonni a kai su shinge cikin daji wajen Yuli da Agusta, mai gadin daji yana zuba musu alkama har su saba da wurin. Fiye da miliyan 30 ake saki a ƙasar duk shekara. Lokacin harbi daga 1 ga Oktoba ne zuwa 1 ga Fabrairu, kuma a Ingila wata doka ta 1831 ta hana harbinsu ranar Lahadi da ranar Kirsimeti, har yau tana aiki.

Masu bindiga, mutum 8 ko 10, ba sa shiga daji. Tsayawa suke yi a jere a fili, kowa a turkensa. Mu 'yan kora, wato ni da irina, mu ke kutsawa cikin ƙaya da taɓo da sanduna muna bugun itatuwa, karnuka na shawagi, har tsuntsayen su tashi su bi ta kansu. Sai ka ji wuta ta ko'ina. Wasu karnukan kuma aikinsu ɗauko wanda ya faɗi, su kawo shi a baki ko haƙori ba su sa masa ba. Kowane tsuntsu da aka kayar ana lissafa shi fam 40 ko fiye, ka ga yinin tsuntsu 200 ya kai fam 8,000 ko fiye. Naman kuwa in aka kai wa dillali wani lokacin ko fam 1 ba ya kaiwa. Maƙwabcina ne ya shigar da ni kora. Ana ba mu ɗan abin mai, da miya mai zafi da rana, da tsuntsu biyu, mace da namiji. Su ka gani a bayan mota. Su kansu 'yan ƙasar ba bakinsu ɗaya ba a kan abin. Masu kare tsuntsaye na cewa sakin miliyoyi haka na ɓata daji, ga dalmar harsashi da ke zuba a ƙasa, masu yi kuma na cewa ba don harbin ba da an sare dazuzzukan an yi gona.

Na san inda za ka dosa, don tare muka zauna gaban malam aka biya mana a Risala cewa farauta don wasa makaruhi ce, wadda ba ta wasa ba kuwa halal. Tsuntsayen da ake ba ni ba na ci. Wanda ya harbe su bai yi bisimilla ba, wanda ya faɗo da sauran rai kuma da ɗan kulki suke ƙarasa shi a ka, kulkin da suke kira da sunan limamin coci, ka ji tsiya. Wannan mushe ne a wurinmu, maƙwabta nake ba. Sau ɗaya a shekara dai, ƙarshen Janairu, akwai ranar 'yan kora, a ba mu bindiga su kuma su shiga ƙaya. Ni ba ni da takardar mallakar bindiga, sai 'yan sanda sun binciki mutum, likita ya sa hannu, an zo an ga akwatin ƙarfen da zai kulle ta, amma doka ta yarda ka ari ta mai wurin yana tsaye kusa da kai. Bara na yi bisimilla na saki wuta sau 11, na kayar da 2. Ɗaya ya faɗo yana motsi, na ruga na yanka shi da 'yar wuƙata. Maman yara ta yi mana farfesu da yaji, namansa ya fi na zabo tauri, kuma saura kaɗan ƙwayar harsashi ta fasa mini haƙorin turmi.

Kamun kifin da nake sakewa kuwa, ba zan ce maka ya kuɓuta daga maganar Risala ba. Likita na cewa ai zumunci muke yi, kifin hujja ce kawai, ɗan Kumasi na cewa to me kifin ya yi mana da za mu huda masa baki don zumuncinmu. Muna wannan musun tun bara, a bakin ruwan, kowa da sanda a cinya. In ka ga malam ka tambayar mana, ka faɗa masa yadda abin yake duka, har da katifar.

Asabar mai zuwa an ce ƙanƙara za ta sauka, mun dai riga mun kama lambobi. In an samu mai tahowa, don Allah a ƙullo mini bandar tarwaɗa ta bakin kasuwa, wadda ta sha hayaƙi sosai. A gaida Inna, a ce mata ina sa safa biyu.