Yawon ɗanɗana abinci a kasuwar Khan al-Khalili: a ɗauki ɗan jagora ko a shiga kai kaɗai?

Malam, tambayarka ita ce ko kuɗin ɗan jagora zai biya, tunda kwana uku kacal za ka yi a Alƙahira kuma ba ka jin Larabcin Masar. Ni dai shawarata, ka ɗauka. Kasuwar tana nan tun ƙarni na 14, dab da masallacin Husaini da Azhar, kuma lungunanta kan rikita baƙo. Masu abinci mai kyau ba su cika zama bakin hanyar 'yan yawon buɗe ido ba.

Ka je da yunwarka, da yamma. Fara da ta'amiyya, ƙosansu ke nan, sai dai da waken ful (wani irin wake mai faɗi) ake yi. Sannan koshari: shinkafa, taliya, adas (wani irin ƙaramin wake), miyar tumatir da soyayyiyar albasa. Wannan yana cika ciki sosai, ku raba kwano ɗaya da wani, in ba haka ba tantabarar da ake cusa wa shinkafa za ta wuce ka. Karkade kuwa zoɓonmu ne sak.

Inda mutane ke kuskure: ba sa tambaya ko kuɗin abinci yana cikin kuɗin jagoran. Ku daidaita tun farko, ka kuma nemi ganin lasisinsa na ma'aikatar yawon buɗe ido. Wasu kan ja ka shagon turare don suna da kamasho. Ka ce a'a cikin ladabi. Ruwan gora kawai za ka sha, ka guji ƙanƙara.

In kana da ciwon suga, ko an taɓa gaya maka kana da ƙarancin G6PD (wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini), ka ga likita kafin tafiya, domin waken ful yana da haɗari ga masu ƙarancin G6PD.