Hukuncin riƙe muƙamin darakta a kamfanin waƙoƙin hip hop

Tambaya: Allah gafarta Malam, an yi mini tayin muƙamin darakta a kamfanin da ke fitar da waƙoƙin hip hop. Ni zan zaɓo mawaƙa, in ƙulla yarjejeniya da su, in sa hannu a kan abin da zai shiga kasuwa. Albashina halal ne?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Ɗan'uwa, mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun haramta kayan kiɗa in ban da duffi (mandiri), bisa hadisin ma'azif (kayan kiɗa) da ke cikin Bukhari. Ibn Hazm, malamin Andalus, ya raunana hadisin, ya halatta kiɗa. Amma ko masu sassauci ba su yarda da waƙar batsa, kambama giya da ƙwaya, zagi, ko bidiyon tsiraici ba. Baiti magana ne: mai kyansa mai kyau, mummunansa mummuna.

Kujerarka ta fi ta mai sauraro nauyi. Kai ke zaɓe, kai ke sakin kuɗin sutudiyo da talla. Waƙar da ka amince da ita za ta yi ta yawo bayan ka bar aikin, kuma hadisin Muslim ya ce mai kira zuwa ɓata yana ɗaukar kwatankwacin zunubin waɗanda suka bi shi. Allah ya hana taimakekeniya a kan saɓo (Ma'ida, aya ta 2). Idan irin wannan ce hajar kamfanin, aikin haramun ne, albashin ma haka.

Sai yarjejeniya, inda ake yawan cin haƙƙi. Kuɗin kafin alƙalami da ake ba mawaƙi ana cire shi ne daga kasonsa, ba daga na kamfani ba. Misali, an ba shi 100,000, kasonsa 20 cikin ɗari: sai waƙoƙin sun kawo 500,000 kafin ya sake ganin ko sisi. Wannan ba riba (kuɗin ruwa) ba ce muddin ba a ɗora ƙari ba, amma wajibi ne a fayyace masa kason, da abin da za a cire, da shekarun da kamfani zai riƙe asalin rikodin. Ɓoye su garari ne, wato rashin tabbas a ciniki da shari'a ta hana. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta tabbatar a 1988 cewa haƙƙin fasaha dukiya ce da shari'a ke karewa. Biyan gidan rediyo a ɓoye don ya riƙa saka waƙa cin hanci ne, sayen masu sauraro na bogi kuwa algus.

Shawarata kada ka karɓa, sai in an rubuta maka ikon ƙin duk waƙar da ta saɓa wa shari'a, an kuma keɓe ka ga waƙoƙi masu tsabta. Ko a nan saɓanin kiɗa yana nan, barinsa ya fi aminci. Wallahu a'alam.