Tambaya da Amsa: Shuka Furen Popi a Fili Mai Rana

Tambaya: Ina zaune a jihar Kalifoniya ta Amurka, kuma bayan gidana fili ne mai rairayi wanda rana ke duka wuni zur. Shin furen popi zai yi a wurin, alhali ba ni da halin yawan ban ruwa?

Amsa: Malama, filinki ya dace da shi ƙwarai, domin wannan fure mai ruwan lemo, wanda jihar ta ɗauka a matsayin furenta tun 1903, a daji yake fitowa da kansa, kuma yawan taki ganye kawai yake sa shi. Ki watsa irin a ƙarshen kaka, lokacin da ruwan hunturu ya fara sauka, ki danna shi da tafin hannu ba tare da kin binne shi da zurfi ba. Kada ki rene shi a tukunya da niyyar dasawa, saboda saiwarsa guda ce doguwa, kuma idan ta karye ba kasafai shukar take farfaɗowa ba. Ki riƙa yayyafa ruwa har ya tsiro, cikin mako 2 zuwa 3, sannan ki sassauta. Rufewar furannin da yamma ko ranar hadari ɗabi'arsu ce, ba cuta ba.