Ƙwallo ba ta zuwa inda na nufa, ina mafita?

Tambaya: Assalamu alaikum koci. Wata huɗu ke nan da na fara koyon tanis a nan Samaru. Ƙarfin bugu dai ina da shi, amma in na nufi kusurwa sai ƙwallon ta fita waje, in na sassauta kuma ta faɗa raga. Me zan gyara?
Daga wani ɗalibi, Samaru, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Abu na farko, ka daina nufar layi. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani a wurin sababbin 'yan wasa, kuma yana damuna, domin yana sa yaro mai hazaƙa ya ɗauka ba shi da hannu. Idan raket ɗinka ya karkace da digiri 3 kacal lokacin da ya haɗu da ƙwallo, kafin ta yi tafiyar mita 20 ta kauce da kusan mita ɗaya. Wanda ya nufi layi, wannan 'yar karkatar ta fitar da shi. Wanda ya nufi mita ɗaya da rabi cikin fili kuwa, ƙwallonsa tana ciki.

Shi kansa filin yana gaya maka inda za ka buga. Tsawonsa mita 23.77 ne, faɗinsa a wasan mutum ɗaya-ɗaya mita 8.23. Raga a tsakiya tsayinta santimita 91 ne da ɗoriya, a wajen turaku kuma mita 1.07. Ka ga ke nan idan ka buga a karkace, daga kusurwarka zuwa kusurwar da ke gicciye da ita, ƙwallon za ta bi ta inda raga ta fi gajarta, ga kuma ƙarin tsawon fili na kusan mita ɗaya da rabi. Ka mayar da wannan bugun abincinka na kullum. Bugun da ke bin layi a miƙe, ka bar shi sai ƙwallo ta zo maka gajera, kana tsaye daram.

Maganar faɗawa raga kuwa, ba sassautawa ce maganinta ba. Ka ɗaga ƙwallon ta wuce saman raga da kamar mita ɗaya. Raket ya taso daga ƙasa zuwa sama yana shafar bayanta, ya ƙare a kan kafaɗarka. Juyin da take yi shi ne zai sauko da ita cikin fili. Dubi Rafael Nadal, wanda ya ci babbar gasar Faransa sau 14: lokacin da yake wasa, ƙwallonsa ba ta goga raga, sama take bi sannan ta dire.

Sai ƙafa. Yawancin bugun da ya kauce, ƙafa ce ta makara. Da zarar abokin wasanka zai buga, ka ɗan yi tsalle kaɗan ka dira a kan yatsu, ka juya kafaɗa tun ƙwallon ba ta taɓa ƙasa ba, ka tare ta a gabanka. In ka tare ta da wuri za ta tafi a karkace, in ka ɗan jinkirta za ta bi layi. Kada ka ɗaga kai ka leƙa inda za ta sauka, idonka ya tsaya a kanta har ta bar raket.

Ga abin da nake sa yarana su yi. Mu shimfiɗa tsohuwar tabarma tsakanin layin sabis (layin da ya gitta tsakanin raga da ƙarshen fili) da layin baya, mutum ya buga ƙwallo 20 yana ƙirga wadda ta sauka a kai ko kusa. Ranar da ya samu 12, sai mu naɗe tabarmar biyu. In ba ka da abokin wasa, nemi bango, ka ja layi da gawayi a tsayin raga, ka zana akwati a samansa, ka yi ta bugu minti 15 da rabin ƙarfinka.

Lokacin hunturu, iskar Zariya kan ɗauke ƙwallo. In tana bayanka, ƙara juyi ka rage nisa. In tana fuskarka, ɗaga ƙwallon ka sake hannu. Ka kuma duba ƙwallayen da kake atisaye da su, domin wadda ta sace ko gashinta ya ƙare ba ta tashi daidai, za ta koya wa hannunka ƙarya.