Ku Tambaya Mu Amsa: Rigimar Doctor Who Ta Raba Bes a Nima

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan makon. Saƙonni sun taru sosai kuma yawancinsu a kan abu ɗaya ne, wato sizin ɗin 2025 na Doctor Who, shirin talabijin na BBC da ake kiran jaruminsa Dakta, da yadda aka ƙare shi, shi yasa na ajiye sauran tambayoyin sai fitowa ta gaba. Wanda bai gama kallo ba ya tsaya nan dan Allah, don zan faɗi ƙarshen labari.

TAMBAYA: Yaya salam. Wallahi bes ɗinmu ya rabu biyu a kan wannan shiri, har ataya yanzu kowa da butarsa. Wasu sunce tun da aka ba mace Dakta sannan aka ba baƙi shiri ya mutu, wasu kuma sunce duk wanda ya kushe to maƙiyin baƙar fata ne. Ni ina son Ncuti Gatwa, baƙin da aka ba Dakta, har raina amma ƙarshen sizin ɗin bai min daɗi ba ko kaɗan, kuma ina jin nauyin in faɗa. Ina da laifi? Daga ƙaninka a Nima.

AMSA: Ƙanena baka da laifin komai, kuma abin da ka ji a ranka nima shi na ji. Amma bari in fara da masu cewa shiri ya mutu saboda an canza fuska, don su ne maganarsu bata da ƙafa. Wannan shiri BBC ta fara shi ran 23 ga Nuwamba 1963, washegarin ranar da aka harbe Kennedy a Amurka, da wani dattijo William Hartnell a matsayin Dakta. Shekara uku kacal yayi jiki ya ƙi, a 1966 masu shirin suka rasa yadda zasu yi, ko su rufe ko su nemo dabara, sai suka ce ai Dakta ba ɗan Adam bane, daga wata duniya yake wadda daga baya aka sa mata suna Gallifrey, in jikinsa ya gaji ko ya samu mummunan rauni sai yayi saɓa kamar maciji ya fito da sabuwar fuska da sabon hali amma tunaninsa da tarihinsa suna nan. Haka Patrick Troughton ya karɓa. To wannan saɓar ita ce ƙashin bayan shirin, ita ta kawo shi shekara sittin da ɗoriya, duk wanda yace yana son Doctor Who amma baya son canji kamar mai cewa yana son koko ne amma baya son gero.

Kuma kukan nan ba yau aka fara ba. Ni na shigo ne ta faifan DVD da ake shimfiɗawa a ƙasa a Circle, lokacin David Tennant, na ɗauka duniya babu wani Dakta sai shi, ranar da ya tafi a farkon 2010 aka kawo Matt Smith yaro ɗan shekara 27 na kusa daina kallo, bayan kashi uku na manta da fushina. Da Peter Capaldi ya zo aka ce yayi tsufa kuma baya fara'a. Jodie Whittaker ta zo a 2018 aka ce mace. Gatwa ya zo aka ce baƙi, aka ƙara da cewa yana yawan kuka. Kowa Daktan da ya fara gani shi ne na gaske a wurinsa, sauran duk baƙi ne a gidan.

Yanzu ɗaya ɓangaren na bes ɗinku, su ma sun wuce gona da iri. Kushe rubutu daban, ƙin mutum daban. Gatwa yaro ne da aka haifa a Ruwanda a 1992, iyayensa suka gudu da shi lokacin kisan kiyashin 1994, ya girma a Sikotilan, kuma aikin da aka bashi ya yi shi da gaskiya. Ka koma ka kalli ƙarshen kashin nan na 2024 mai suna Dot and Bubble, inda ya ceci wasu yaran masu kuɗi yana roƙonsu su shiga jirginsa ya kai su inda zasu tsira, suka dube shi sama da ƙasa suka ƙi saboda launin fatarsa, suka gwammace su tafi su hallaka. Dariyar da yayi sannan ya fashe da ihu, wallahi duk baƙin da ya taɓa tsayawa a layin biza ko filin jirgi aka masa irin wannan kallon ya san ba wasa yake ba.

Matsalar a wurin lokaci take. Da marubuci Russell T Davies ya dawo da shirin a 2005 bayan an dakatar da shi tun 1989, kashi 13 ake yi a sizin, kana da lokacin da zaka saba da Dakta da abokiyar tafiyarsa, ka san mamanta ka san unguwarsu. Gatwa kashi 8 aka bashi a 2024, 8 a 2025, a ciki ma akwai waɗanda da ƙyar yake fitowa. Belinda, abokiyar tafiyar Dakta a 2025, ma'aikaciyar jinya da Varada Sethu ta fito a matsayinta, ta fara da ƙarfi, mace mai tsayawa ta ce ma Dakta a'a ni gida zaka maida ni ina da aiki, amma kafin a gama an ajiye ta gefe da yarinya a hannu. Sannan aka kwaso tsofaffin miyagu, Rani da ta fara fitowa a 1985 da Omega na farkon shekarun 1970, aka yi ta gina zuwan Omega kamar duniya zata tashi, ya fito minti kaɗan aka gama da shi. Wanda ya fara kallo a 2024 bai san su waye ba, wanda ya san su kuma yaji an wulaƙanta su. Nan ne aka yi ɓarin, kuma ba Gatwa ya riƙe alƙalamin ba. Ka faɗa musu haka a bes kanka tsaye, ku haɗa butocin ku.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni a Kejetia nake sai da atamfa, maƙwabciyar shagona Ba'asantiya ce, ɗanta ya nuna mata kashin da aka yi a shagon aski ta ji an ambaci Ananse da Abena amma wai a Legas, tun ranar take faɗa wai an sace musu gado an ba Najeriya. Gaskiya ne ko tana da ƙari? Daga 'yar'uwarka a Aboabo, Kumasi.

AMSA: Hajiya lafiya lau, Allah ya kawo kasuwa. Maƙwabciyarki tana da hujja rabi. Ananse, gizon tatsuniya, na Akan ne babu mai ja, Kwaku Ananse, kuma Abena suna ne da suke ba mace haifaffiyar Talata, kamar yadda mu muke cewa Talatu. Kashin da take magana shi ne The Story and the Engine, ya fito ran 10 ga Mayu 2025, wanda ya rubuta shi Inua Ellams haifaffen Jos ne da ya girma a Turai, shi yasa ya kafa labarin a Legas ta 2019.

A wurin aski na kalle shi ni ma, a Mamobi, kan waya da aka jingina da kwalbar spirit gaban madubi, mu shida. Labarin wani wanzami ne da ya kulle mutane a shagonsa, kowa sai ya hau kujera ya bada labari ana masa aski, labarin ne man da injin jirginsa ke sha, da ya gama gashin ya sake tsirowa a koma layi. Jirgin kuma siffar ƙaton gizo-gizo ne yana tafiya kan saƙa. Da matar nan tace ita Abena ce ɗiyar Ananse, mai askinmu kashe mashin yayi da rabin kan yaro a hannunsa ya matso yana cewa a mayar baya a mayar baya yaji da kyau, yaron ma bai yi ƙorafi ba don shi ma wuyansa na miƙe. Wurin da Abena ta zaunar da Dakta tana masa kitso, ashe taswirar hanyar fita take zana masa a kai, tana tuna yadda ake cewa bayi sun ɓoye hanyar gudu cikin kitso, babu wanda yayi tari a shagon.

Abin da zan ce ki faɗa mata shi ne ba a canza masa asali ba, ba a ce na Yarbawa bane ko na Ibo, sunan ɗiyarsa kaɗai ya isa shaida. Kuma Ananse ai tun da can matafiyi ne, ya bi bayi cikin jirgin ruwa har Jamaika da Suriname, can ma har gobe ana bada labarinsa. Mu ma muna da namu Gizo da matarsa Ƙoƙi, wayo ɗaya haɗama ɗaya, kakanninmu sun sauko da shanu neman goro sun zauna a zangon Salaga da Kumasi ana musayar tatsuniya da dare, wa zai iya raba zaren nan yanzu? Inda nake tare da ita ɗari bisa ɗari shi ne wannan labari ya kamata a ce mu muka fara kai shi allo. Muna da Ananse a ƙofar gida, muna da masana'antar fim ta Kumawood a Kumasi, muna da yara a Zango masu iya haɗa hoto da kwamfuta, amma sai da aka gina shagon askin Legas a situdiyo a Cardiff sannan duniya ta ga gizo ya zama jirgin sama jannati. Wannan yafi min ciwo fiye da maganar Legas ko Kumasi.

TAMBAYA: Ɗana, jikokina sun ɗauke min talabijin da wannan abu. Naji suna cewa mutumin yana mutuwa ya dawo da wani jiki. Wannan ba koyar da yara aƙidar dawowa duniya bane? Daga wani dattijo a Madina.

AMSA: Baba Alhaji Allah ya ƙara girma da lafiya. A cikin labarin ba a ce ɗan Adam bane, wata halitta ce ta ƙage mai zuciya biyu da ke yawo cikin akwatin 'yan sanda shuɗi wanda cikinsa yafi wajensa girma, kuma dalilin canza jikin na faɗa a sama, ɗan wasa ne yayi rashin lafiya aka nemi mafita. Tatsuniya ce irin ta ga ta nan ga ta nanku, sai dai tasu da na'ura. Amma Baba ba zan ɓoye maka ba, shirin Turawan Ingila ne da tarbiyyarsu, akwai kashin da ke da abubuwan da basu dace da gidajenmu ba, akwai masu firgita ƙananan yara su kasa barci. A sa babba ɗaya a gidan ya fara dubawa kafin a kunna musu, kuma in da hali ka zauna da su ko sau ɗaya ka tambaye su me suka fahimta. Maganar hukunci kuma ta malamai ce, limamin unguwa ya fi ni.

TAMBAYA: Yaya wai Billie Piper ce sabuwar Dakta? Daga ɗaliba a Legon.

AMSA: Ƙanwata abin da muka gani ran 31 ga Mayu 2025 shi ne Gatwa yayi saɓa fuskarta ta bayyana. Ita ce Rose Tyler, abokiyar tafiyar Dakta ta 2005 da 2006. Amma ki lura da rubutun ƙarshe, sunanta kawai aka sa ba a rubuta a matsayin Dakta ba kamar yadda aka saba ma sauran, da gangan suka bar mu a rataye. Ni dai ban ji daɗin komawa tsohuwar fuska ba, an yi haka da Tennant a 2023, sau biyu yayi yawa.

TAMBAYA: Malam wani a gurup ɗinmu yace wai an taɓa tsinto tsofaffin kashin Doctor Who a ƙasar Hausa, muka ce ƙarya yake har aka sa cacar wace da kifi. Raba mu. Daga Asawase.

AMSA: Ɗan'uwa ku saya masa wacensa har da ƙwai da taliya, ya fi ku gaskiya, gyara ɗaya kawai, a Jos ne, can Filato. Yadda abin yake, a shekarun 1960 da 1970 BBC bata ɗauki ajiye shiri da muhimmanci ba, kaset yana da tsada, sai a goge a ɗora wani a kai, haka kashi fiye da 90 na zamanin Hartnell da Troughton suka salwanta, sai muryar da masoya suka naɗa a gida da rikoda ta rage. To amma kafin a goge ana kwafe su a fim a sayar ma gidajen talabijin na ƙasashen waje, daga wannan ƙasa a tura wancan. Wani Bature mai suna Philip Morris ya bi sawun gwangwanayen nan ƙasa ƙasa, har ya same su jere kan kanta a wani ɗakin ajiya na tashar talabijin a Jos, a 2013 aka sanar, kashi 9 da aka fidda rai da su, na labarai biyu na Troughton, The Enemy of the World da The Web of Fear, shekaru da dama suna kwance cikin ƙura.

Kuma dubi ikon Allah, garin da ya adana ma shirin tarihinsa shi ne garin da aka haifi wanda ya rubuta kashin Abena. Shi yasa in naji yaro a gurup yana cewa wannan shirin ba namu bane me ya kawo baƙi ciki, Jos nake fara tuna masa. GBC, tashar gwamnatin Ghana, ta fara talabijin a 1965, akwai dattawa a Nima da Aboabo da suka yi aiki a gidajen talabijin da sinima na wancan zamanin, in kakanka na cikinsu kuma akwai tsohuwar adaka a ɗakinsa da gwangwanin fim mai tsatsa, kar ka ba masu gwangwan, kar ka buɗe shi a rana, karanta abin da aka rubuta a jikin murfin ka turo min hotonsa.